Malamin da Ke Ji da Ido

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗan jaririnmu. Ya ƙarfin jiki, ya raino? Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ba daɗi.

Abin da kika ji gaskiya ne, Baba ya ajiye aikin masaƙa. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a kan injinan saƙa, har ya kai shugaban sashe, sai ga shi ya miƙa wa Umma rigar aikinsa wai ta yi tsumman goge-goge da ita. Ashe karatun nan da yake zuwa ƙarshen mako na malanta ne, mu muna zaton na ƙarin girma ne. Kawu ya zo ya yi ta faɗa, wai sai da furfura ta gama fito wa mutum sannan zai ce zai koyi rarrafe. Baba ya ce ya gaji da rainon zaren da ba zai taɓa gaishe shi a hanya ba. Umma kuwa kwana uku ke nan girkinta na ƙonewa.

Ga babbar maganar. Makarantarmu aka turo shi gwajin koyarwa, ajinmu, darasin lissafi. A ƙarshen zango wata malama za ta zo daga kwaleji ta zauna ta kalle shi, kuma abin da ta rubuta shi zai sa a ba shi aiki ko a hana shi. Yaya, na roƙe shi kada ya nuna ya san ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to.

A littattafan da nake karantawa, namijin da ke barin komai don abin da zuciyarsa ke so dogo ne, matashi, mai ƙamshin turare. Ban taɓa karanta inda ya zama uban mutum ba, mai magana kamar yana faɗa.

Ki shafa min kan yaro.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata zazzaɓin yaro ya sauka. Kin ce in yi alfahari da Baba. Ke ai ba kya cikin ajin.

Kin san ƙarar injin ta cinye masa kunne. Mu a gida mun saba, mu tsaya a gabansa ya karanta bakinmu, yadda suke yi da abokan aikinsa a cikin ƙarar masaƙa. 'Yan aji sun laƙaba masa Lasifika saboda ƙarfin muryarsa. Yakan dafa tebur da tafin hannu, ta nan yake gane ana surutu. Amma wallahi ya iya koyarwa. Ya kawo ƙyalle ya warware zarensa ya nuna mana yadda ake raba abu kashi-kashi, har 'yan kujerar baya suka gane. Kuma ba wadda ta lura ba ya ji.

Ni na ɓata komai. Lokacin hutun cin abinci muna tsakar makaranta, 'Yar Gayu, wadda ke ara min littattafai, ta ce mutumin nan aljanu gare shi, ko raɗa ka yi daga nesa sai ya cafke ka. Ni da ba a taɓa juyowa an saurare ni ba, sai na ji bakina yana cewa ba aljanu ba ne, kurma ne, leɓe yake karantawa. Duk suka zagaye ni, wai ina na samo wannan. Na ce maƙwabcinmu ne.

Yanzu duk mai magana sai ta kare bakinta da littafi. Suna zaginsa yana ce musu madalla. Jiya da ya dawo ya zauna a bakin gado har la'asar, ko takalmi bai cire ba.

Don girman Allah kada Umma ta ji.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Malamar ta zo ranar Talata, ta zauna a baya da takardunta. Baba ya sa farar rigar da ya sa ranar aurenki. Ana tsakiyar darasi 'Yar Gayu ta miƙe, littafi a baki, ta yi tambaya. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ba ta sauke littafin ba. Ina kujera ta biyu, da na ɗaga kai na motsa leɓe kawai da ya gane. Na kasa, Yaya. Tebur na yi ta kallo.

Sai ya ajiye alli. Ya ce wa ajin shi ba ya ji, injin ya karɓe kunnensa tun ba a haife su ba, ya ɓoye ne don tsoro, kuma ɓoyewar kuskurensa ne. Ya ce mai son amsa ta bar shi ya ga bakinta. 'Yan ƙalilan suka sauke littafi. 'Yar Gayu ta zauna abinta.

Ba a ba shi aikin ba. An ce ya nemi na'urar ji, ya sake gwajin baɗi a wata makaranta. A masaƙa kuwa tuni an sa wani a gurbinsa. Kawu ya ce zai je ya roƙa masa, Baba ya ce ya huta da wahala, ba inda zai koma.

Yau da safe na same shi yana makin littattafanmu na ƙarshe. Na faɗa masa gaskiya kaina a ƙasa, ya ce bai gani ba. Dole na ɗago fuska, na juya wajen haske, na faɗa a hankali, kalma bayan kalma.

Ya ce ya sani. Yana tsaye a tagar ofishin malamai ranar. Har “maƙwabcinmu ne” ɗin ya karanta a bakina.

Daga nan ya ce in miƙo masa jan biro, na hannunsa ya ƙare.

Ki zo, Yaya, ko na kwana biyu ne.

Taki,
Auta