Sawun da Na Auna a Ƙofar Gidanku

Tarauni, Yuli 1999

Zuwa ga Firdausi, sanyin idona, inuwar darbejiyata, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata,

Kin tuna yammacin da aka ɗauke ruwa muna zance a ƙofar gidanku a Gyadi-Gyadi, na tambaye ki lambar takalminki saboda lefe, kika ja mayafi kika gudu? Wayyo kunya! Da kika shige, ni malamin Turanci guda na tsuguna a taɓo da tsinken tsintsiya, na auna sawu kamar yadda ake auna wa yara takalmin Sallah. Na kai wa Gwaggo Asabe, mai haɗa lefen. Ta juya tsinken nan, ta yi dariya har da hawaye, wai ko ɗan dako zan aura? Ashe sawun yayanki, Yaya Isyaku, na auna!

Ya tauraruwata, me ya sa kike ɓoye abin da 'yan kasuwa ke kira saiz? Bari in karantar da ke kamar ɗalibaina. Turawan Ingila sun aro kalmar daga Faransanci, asalinta kuma zama ne: zaman alƙalai da ke yanke ma'aunin burodi da nauyinsa. A hankali sunan zaman ya koma kan ma'aunin, har ya zama girman kowane abu. Kin ga ke nan, ba a sanin girma sai an zauna. Sojoji sun koma bariki, ba zan kafa miki doka ba. Ƙudurina na kawo gaban majalisarki, ke ce shugaba, ke ce masu rinjaye.

Ina zan sami tsinken da zai auna kewarki? Ta fi Tarauni faɗi, ta tsallake titin Zariya! Amma ƙafar nan taki da ke wuni a tsaye kan marasa lafiya a asibiti, yaya zan yarda takalmi ya matse ta?

Gwaggo za ta shiga kasuwa ranar Asabar, ta kuma rantse cewa da tsinken hannunta za ta saya. Ki taimaki bawan Allah, ki aiko da naki tsinken, kar dangi su buɗe akwati su ga takalmin da kwale-kwale zai yi wa hassada. In kuma kin ƙi, haka zan karɓe ki kina jan sa ƙiii, in bi bayanki ina tsince shi har tsufa.

Naki shi kaɗai, yau da gobe,
Inuwa