Ruwan Toka a Garkar Albasa

Zuwa ga yayata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Agadas. Mu nan Galmi lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka da kanta zuwa suna gidan Larai.

Yaya, kin san tun da maigidana ya gama lakwal, makarantar lantarki ta Tawa, hankalinsa ke kan 'yar na'urar nan da suka haɗa da malaminsa. Da hasken rana take aiki. Iska na bi ta wani bututun gilashi, wata wuta shuɗiya na tartsatsi a ciki, ita suke kira filasma. Ya ce abincin shuka da muke nema a buhun takin zamani cike yake a iskar da muke shaƙa, sai dai shuka ba ta iya cinsa haka nan. Tartsatsin ne ke kamo shi ya shiga ruwa, kamar yadda walƙiya ke yi da damina. Akwai kuma wani gari a bututun, katalizar, mai gaggauta aikin, shi kuwa ba ya ƙarewa. Na ce ashe ƙawar amarya ce irin ta littattafaina, ta haɗa masoya ta koma gida abinta. Ya yi dariya har da tari.

Surukina Baba Yakuba ya ba shi fangali uku a garka, ya ce in albasa ta yi ya zauna, in ba ta yi ba ya bi yayyensa bida, neman kuɗi a Abijan. Fangalin farko, kwana uku da ba shi ruwan na'urar dashen ya ƙone ƙurmus. Ranar maigidana ya sauko da jakar tafiya ya kaɗe mata ƙura. Wallahi Yaya, littafi na hannuna, amma layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Washegari na kai masa fura garka, na tarar ya tsoma wata 'yar takardar awo a ruwan, ta yi ja. Ya ce tsami ne ya yi yawa. Na ce in dai tsami ne, me muke yi wa miyar yakuwa in ba ruwan toka ba? Ya ce nan ba madafa ba ce. Can sai ya ce in kawo. Na ƙona karan gero, na tace tokar a huɗajjiyar ƙwarya kamar yadda Inna ta koya mana. Muka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har takardar ta daina ja.

Yau sati biyar ke nan. Ganyen fangali biyun nan kore shar, tsaye kamar an ja su da zare. Jiya Baba ya je ya tsuguna ya daɗe yana duba, sannan ya ce a ƙara wa ɗan nasa fangali huɗu, kuma a gaya wa matar gidan kada ta bar awaki su cinye karan bana. Ni ce matar gidan, Yaya! Ni da kike cewa karatun soyayya zai sa in ƙona tuwo.

Ki gaida maigidanki, da Farida da Zaituna, da Gwaggo Tabawa in kin leƙa. Inna na gaishe ku. Jakar tafiyar kuwa na karɓe ta, littattafaina na zuba a ciki.

Taki ƙanwa,
Nabila