Ranar da Fatoma Ya Tuƙa Tuwo a Iskandariyya

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Fatoma na Maigatari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, irin wadda ka saba karɓa daga gare ni ina tsugune a ƙofar zaure, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji. Mu dai nan lafiya lau, sai kewarka. Na san ba a aika wa mutanen lahira wasiƙa, kuma da kana nan da ka ce aikin 'yan boko ne. Ka yi haƙuri, Baba. Jikokinka ne suka dame ni da tambayar labarin nan, na ce to bari in rubuto maka shi kai tsaye, su su karanta daga gefe.

Yaran yanzu ba su san aikin fatoma ba, sai na yi ta yi musu bayani cewa kai ne mai saukar baƙin kasuwa, ka ba su wurin kwana, ka ciyar da su, ka tsaya musu wajen ciniki. Duk Laraba da la'asar, jajiberin kasuwar Maigatari, zaurenmu da rumfar ƙofar gida sukan cika maƙil da mutanen Damagaram da Buzaye masu raƙuma da Fulani masu shanu. Kana da doka ɗaya wadda kowa ya sani: baƙo ba ya hura wuta a gidanka. Kakan ce duk wanda ya ɗora tukunya a masaukinsa ya zagi mai masaukin. Shayi kaɗai ka yafe wa Buzaye, shi ma don ka ga hana su ɓata baki ne.

Sai Inna ta rasu. Ana gama sadakar arba'in ka sa aka rufe zaure, baƙinka suka watsu gidajen wasu. Abinci kuwa sai ka yi loma biyu ka ture kwanon. Yaya Hajara ta rubuto mini Alƙahira, inda nake karatu a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in ɗin nan, cewa rigunanka duk sun yi maka yawa, ga ido ɗaya ya yi yana. Da lallashi da ban-baki aka samu ka hau jirgi a Kano ka zo wurina. Aikin ido ya yi kyau. Amma likitan ya ja ni gefe ya ce ba idon ne ya dame shi ba, tsohon nan in bai koma cin abinci ba, sauran sai addu'a. Ya ce in kai ka bakin teku ka sha iska kwana goma. Ban taɓa gaya maka wannan magana ba sai yau.

Wani abokin karatuna ne ya samo mana wuri a Iskandariyya, tsohon birnin nan na bakin teku. Ɗakuna biyu ne a hawa na uku na wani bene, irin waɗanda ake ba masu zuwa hutu haya da komai a ciki, gadaje, tukwane, kwanuka, murhun gas, har gishiri a kwalba. Mutum shi zai dafa abinsa. Mai gidan, wani gajere mai tumbi, ya zaga da mu, ya kunna famfo ya kashe, ya buɗe taga ya nuna mana teku kamar shi ya haƙa shi, ya zuba mana maraba ta cika baki, ya danƙa maka mabuɗi ya sauka. Ka yaba masa ƙwarai. Ka ce mutumin kirki ne, ya tafi ya hanzarta masu girki.

Na yi maka bayani, Allah shaida. Na ce Baba nan ba a kawo abinci, ga tukwane can, su ne abincin. Ka dube ni da sabon idonka ta cikin baƙin tabarau, ka ce karatun nawa da saura, tunda har zan yarda cewa a ƙasar da Annabi Yusufu ya ciyar da mutane ake barin baƙo da yunwa. Ka hana ni taɓa murhu don kada mu zagi mutumin. Ka hana ni sauka in sayo ko gurasa, don kada akushinsa ya iso ya tarar mun ƙoshi.

Haka ka sa babbar riga, ka murza hula, ka zauna a kujerar da ke kallon ƙofa, ka ce a bar ƙofar a buɗe kaɗan. Duk takun da aka ji a matakala sai ka gyara zama. Mai sayar da gas ya wuce yana buga tukunyarsa da ƙarfe. Wata mata ta hau rufin bene da kwandon wanki. Wata kyanwa ma ta leƙo ta dube mu ta koma. Ranar nan da dabino da guntun gurasar da muka rage a jirgin ƙasa muka wuni. Ka ce wataƙila rago ya yanka, aikin rago kuwa ba a yi masa gaggawa.

Washegari ma ka koma kujerar. Ni dai cikina sai kuka yake, ina jin ƙamshin soyayyen kifi yana hawowa daga titi, ina ganin kamar da gangan ake yi mini. Bayan mun idar da azahar sai na ji ka ce, kamar mai ba da labarin wani, "Kai Malam, wai ni yunwa nake ji."

Baba, na fita baranda ne kawai don kada ka ga fuskata. Shekara guda cur babu wanda ya ji wannan kalma daga bakinka. Na riƙe ƙarfen baranda ina dariya ina hawaye, mutane a ƙasa suna ɗaga kai suna kallon wannan baƙin ɗalibi da ya zautu. Na dawo na ce to in ɗora ko ruwan shayi ne? Ka ce a'a, a ƙara masa zuwa la'asar.

Kafin la'asar ɗin sai ga mai gidan ya hawo. Ka miƙe tsaye har kana gyara hannun riga. Ashe ba akushi ya kawo ba, wasu baƙin ya kawo ɗakin da ke kallon namu: wani dattijo daga kudancin Masar, baƙi kamarmu, da matarsa da 'yan matansu uku, sun sha tafiya duk sun yi futu-futu. Ta ƙofarmu kana kallo ya kunna musu famfo ya kashe, ya nuna musu teku, ya miƙa mabuɗi, ya ɗaga mana hannu ya sauka abinsa. Ka daɗe a tsaye. Ka tambaye ni su ma haka za a bar su? Na ce haka za a bar su.

Ka cire babbar rigar ka ninke ta a kan kujera. Ka ce, "Mun riga su sauka da kwana ɗaya, mu ne masu gida. Hura wutar."

To nan fa ake yin ta. Ni a ɗakin kwanan ɗalibai nake, dafa mana ake yi, iyakar gwanintata shayi da dafaffen ƙwai. Kai kuwa tun da aka haife ka ban jin ka taɓa sanin inda ake ajiye ludayi. Allah ya saka wa Yaya Hajara, wadda ta cusa maka ƙullin garin dawa da kuka da daddawa da barkono da busasshen nama a akwati, ni kuma na yi ta mitar nauyinsu ranar da na tarye ka. Muciya babu. Muka binciko wani katako da suke murza ƙullin gurasa da shi, ka juya shi a hannu ka ce zai yi.

Tukunyar farko mun zazzaga gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa. Abin da ya fito ba tuwo ba ne, ba kunu ba ne, gudaji ne zalla manya da ƙanana suna iyo. Ka leƙa, na leƙa, ka ce ko akuyar gidanmu sai an roƙe ta. Sai ka rufe ido, kana sauraren wani abu da ni ban ji ba. Can ka ce uwarku takan ɗaga murya ta ce a kawo gari, talge ya nuna, kana jiyo ta daga zaure duk Laraba. Ka ce ke nan akwai wani abu da ake fara yi kafin garin. Da wannan kalma ɗaya muka lalubo hanya, muka dama gari kaɗan da ruwan sanyi muka zuba, muka bar shi ya yi ta ɓararraka, sannan muka soma barbaɗa sauran.

Ka ce kai za ka tuƙa, ni in danne tukunyar. Ka fara da ƙarfi, irin na mutumin da ya taɓa kayar da bijimi da hannu. Tuwo ya fara kauri, katako ya fara nauyi. Ka canja hannu. Ka sake canjawa. Gumi ya jiƙa maka 'yar ciki, tabarau ya zamo kan hanci, tururi yana dukan fuskarka. Ba a jima ba ka saki katakon a tsaye cikin tuwon, ka zauna daɓas a ƙasan madafin nan kana haki. Na soma dariya, sai na ga kai ba dariya kake yi ba.

Ka ce, "Wannan 'yar tukunyar ta mutum bakwai ce. Uwarku ta mutum arba'in take tuƙawa da hannunta, duk Laraba, shekara talatin. Ana ta cewa gidan Fatoma ba a kwana da yunwa, ni ina ta amsa godiya. Ko sau ɗaya ban leƙa madafin nan na ce mata sannu ba."

Na dai kama katakon na ci gaba da tuƙi, kai kuma ka share fuska da gefen riga ka ce in kula, gefen can zai kama.

Miyar kukar da cokali mai yatsu muka kaɗa ta. Ta yi tsululu, gishiri ya ɗan zarce, malmalar tuwon kuwa kowacce da irin surarta. Amma ka mayar da babbar rigarka, ka ɗauki tiren da kanka, ka ƙwanƙwasa ƙofarsu ka yi sallama da muryarka ta zaure, wadda na ɗauka ta tafi tare da Inna. Dattijon ya karɓi tiren. Matarsa ta shinshina miyar ta ce ai 'yar'uwar miyar lalon ƙasarsu ce. Ko sun cinye ko sun ɓoye, Allah masani. Abin da na sani kafin magariba tiren ya dawo shaƙe da soyayyen kifi da shinkafa, ka zauna ka ci tuwonka mai gudaji, ka bi da kifin har ƙaya kana tsotsa, ka kuma tambaye ni ko da saura.

Sauran kwanakin nan takwas ban taɓa jin daɗin zama da kai irinsu ba. Ka gano kwandon da ake zurawa da igiya daga baranda a sayo kaya a titi, ka ce ai guga ne, ka ƙwace aikin daga hannuna, har mai tumatir ya haddace muryarka. Na kai ka tsohuwar ganuwar dutsen nan da ke ƙarshen gaɓa, ina ta zuba maka tarihi, kai kuwa tambayarka ɗaya, wa ya sauki maginan, wa ya ciyar da su. Teku ka tsaya ka daɗe kana kallonsa, ka ɗanɗana da yatsa, ka ce duk wannan ruwa amma ba zai shayar da saniya ɗaya ba. Da yamma kai da dattijon nan kukan zauna a baranda, ba ka jin Larabcinsa ba ya jin Hausarka, amma hira ba ta yankewa. Tuwonmu na huɗu babu gudaji ko ɗaya, ka kira shi ya zo ya shaida.

Ranar tafiya mai gidan ya zo karɓar mabuɗi, ka zaunar da shi ka yi masa wa'azin saukar baƙi, ka ce in fassara. Yau zan faɗa maka gaskiya, rabi kawai na fassara, sauran na mayar da shi godiya. Shi ya sa ya yi ta murmushi yana dafa ƙirji. Ba ka yarda da shi ba duk da haka, sai da ka bar dabino da ganyen shayi da sukari a kan tebur domin wanda zai sauka bayanmu.

Na rako ka gida da yake hutu ne. Ranar Talata muka ratso ta Gumel muka iso Maigatari, ko ruwa ba ka sha ba ka ce a kawo mabuɗin zaure. Washegari da la'asar baƙi uku kacal suka zo, mako na gaba goma sha, kafin damina rumfa ta koma cika. Amma abin da ban manta ba shi ne Larabar farkon nan, da ka bar baƙi a zaure ka nufi cikin gida, ka tsaya a ƙofar madafi. Matan yayyena suka rikice, mai neman mayafi na yi, mai ɓuya bayan randa na yi, sun ɗauka wani laifi aka yi. Ka ce musu sannunku da aiki, ka kira sunan kowacce. Daga ranar har Larabarka ta ƙarshe a duniya ba ka fasa ba, ko da sai an riƙe ka.

Yanzu na haura shekarun da kake da su a lokacin, Baba, ni ma hannuna ba ya iya tuƙi. Ina kewarka sosai. Roƙona ɗaya ne: in Allah ya haɗa ku da Inna, ka faɗa mata da bakinka abin da ka faɗa mini a ƙasan madafin nan. Ni na riƙe shi shekaru da yawa, amma ba nawa ba ne, nata ne.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinku. Yadda kuka sauki bayinsa kuka ciyar da su, kai a zaure ita a bakin murhu, Allah ya sauke ku a gidan da ba a miƙa wa baƙo mabuɗi a tafi a bar shi. Amin.

Ni ne ɗanka mai danne maka tukunya,
Sa'idu.