Harbi Uku Saboda Jika

Ɗana Baryalai,

Ina gaisuwa. Yaya mai jego da jaririn? Ni lafiya lau, sai zafin Karachi.

Lasisin ƙaramar bindigar da nake nema don aikin gadi ya ɗan tsaya. Muna filin koyon harbi ka bugo cewa namiji ne. Na saki harsashi uku sama don murna, yadda ake yi a gida. Malamin, sa'anka fa, ya ƙwace bindigar a gaban jama'a, ya ce, "Baba, kan wa harsashin zai sauko?" Shekara hamsin ina harbi, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Haƙuri kam ban ba shi ba.

Kada baffanka Zarmast ya ji. Ranar suna kuma kada kowa ya harba. Ka ce jaririn ne ba ya son ƙara.

Allah ya raya shi.
Mahaifinka, Janat Gul