Taken Buba na Sukuntuni

Kusada,
2 ga Yuli.

Zuwa ga mahaifina, Malam Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya zaman Funtuwa? Ya Haulatu da maigidanta da yara? Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna, shukar gonarmu ta Kaikai ta fito da kyau.

Baba, tun da kunnenka ya yi nauyi waya ta daina yi mana amfani, maganar da ke bakina kuwa ba ta aike ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Na sauko da gangarka. Na san ka ce a bar ta a rataye, ka ce gayya ta mutu tun da maganin feshi ya shigo, ni kuma in kama ɗinkina in rabu da kiɗa. Ɗinki na kama, ban saki ba. Amma wata biyar ke nan da na sa aka sake mata fata, kuma wallahi muryarta na nan kamar jiya ka aje ta.

Ga yadda aka yi. Akwai samari da 'yan mata da ke haɗuwa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, wata ɗaya a Kankiya, wata ɗaya a Kusada. Sun sa wa taron suna Inuwar La'asar. Ba su da ubangida, ba kuma roƙo suke yi ba. Dokarsu ɗaya ce: ba a kunna waƙa a na'ura mutum ya tsaya yana motsa baki. Abin da ka iya, ka yi shi da hannunka da bakinka a gaban jama'a. Akwai Kamilu mai jita, wanda ya tara mu. Akwai Murja, malamar firamare a Kankiya. Ita tata waƙar ba rera ta ake yi ba, faɗin ta take yi tiryan-tiryan, in ta ɗaga murya ko mai gyaɗa sai ya bar ciniki.

Murja ta rubuta waƙa a kan manoman da, ta ce tana son ganga a bayanta. Na gwada mata kiɗa iri-iri tana yamutsa fuska. Can sai hannuna ya faɗa kan wanda kake ƙwanƙwasawa a bakin akushi in Inna ta makara da tuwo. Ta ce in tsaya nan, shi take nema.

Baba, da ka ga Kankiya ranar Asabar! Na buga, ta faɗa, fili ya yi tsit, da muka gama har da masu hawa benci. Wani ya ɗauka a waya, yanzu ko tasha na je sai a ce ga mai ganga. Kai ka ce ƙafata a keken ɗinki ta fi hannuna sanin kiɗa. To, ka janye maganar nan. Ƙarshen watan nan kuma taron namu ne a Kusada, za a zo daga Ingawa da Musawa har da birnin Katsina, kuma mu za mu rufe.

Ka yafe mani saɓa maganarka, amma ba zan ɓoye maka ba, daɗi nake ji. A gaida kowa da kowa.

Ɗanka,
Ɗalha.

Kusada,
11 ga Yuli.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata ciwon ƙafar ya yi sauƙi. A gaida Haulatu. Ban jira amsarka ba, don na jawo magana.

Shekaranjiya wani mutum ya zo shago, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ya ce sunansa Murtala, ɗan Buba na Sukuntuni. Ya tambaye ni ko na san abin da na buga a Kankiya. Na ce kiɗan mahaifina ne. Ya ce kiɗan mahaifina ne, amma taken mahaifinsa ne, kai ka yi mashi shi tun ba a haife ni ba, kuma duk wanda ya haura hamsin a ƙasar nan ya san da haka.

Ya ce an yi suna a Sukuntuni, dattawa na zaune a ƙofar gida, sai wani ya kunna abin a waya. Ganga na tashi, duk tsofaffin suka juya suka dubi Buba. Shi kuma ya dafa ƙasa zai miƙe, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai da aka kama shi aka kai shi gida, kuma tun ranar bai sake fitowa zaure ba. Saƙon da ya aiko mani gajere ne: kada in sake buga shi, ko a gida ko a daji.

Baba, ni ban san take kira ne ba. Na ɗauka kiɗa ne mai daɗi kurum. Ban san in an buga wa mutum nasa dole ya amsa da hauya ba, ban san ba a buga shi in mai shi ba ya wurin ba. Na kira dattijo a gaban tsararrakinsa ya kasa tashi, ina can ina washe baki ana tafa mani.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne sunanka da ya shiga bakin mutane. Wasu na cewa kai ka ba ni shi in yi wasa da shi, wasu na cewa ka tafi Funtuwa ba ka koya wa ɗanka komai ba. Ta biyun ta fi zafi, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ka yi haƙuri da na faɗa.

Mun zauna da 'yan Inuwa. Kamilu ya ce kiɗa ba shi da mai shi, mu ci gaba da abinmu. Murja ta ce in haka ne ya ba ta jitarsa ta tafi da ita gida. Ta ce ita ba za ta tsaya ta yabi manoman da a kan wulaƙancin ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai waƙar tata a kan kiɗan nan ta gina ta, kowane numfashi da inda yake faɗawa. Mun gwada da wani, ta zama kamar rigar aro.

Saura kwana goma sha shida. In ka ce in mai da ganga inda na same ta, zan mai da, kuma ba zan sake taɓa ta ba. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa, don Allah.

Ɗanka mai jin kunya,
Ɗalha.

Kusada,
21 ga Yuli.

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan an tashi lafiya. Takardarka ta iso. Layi huɗu, biyu zagi ne, na kuma karɓa don na ci su. Sauran biyun na bi su yadda ka ce: na bar ganga a gida, na ɗauki hauya, na tafi Sukuntuni.

Na iske suna maimai a gonar gero. Na gaida Baba Buba, yana zaune a gindin gawo a kan buhu, ya amsa da ƙyar. Ban ce komai a kan ganga ba, na shiga kunya kusa da Murtala na duƙa. Baba, hannun tela ba hannu ba ne. Kafin hantsi tafina ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa. Tsohon nan kuwa bai raga mani ba, yana daga zaune yana cewa a duba ɗan Dawuda yana yi wa ciyawa susa. Washegari na koma. Rana ta uku ma na koma, don taurin kai dai ka san inda na gado shi.

A ta ukun ne ya kira ni gindin gawon, ya tura mani ƙwaryar fura. Ashe ba buga taken ne kaɗai ya ɓata mashi rai ba. Ya ce ya sa an sake kunna mashi abin a ɗaki shi kaɗai, ya saurara da kyau. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa: "Kai gudu kakai. Wanga kiɗi na ɗan shekara ashirin ne. Ubanka bai taɓa wuce ni ba, bayana yake kallo. In hauya ta sauka, ganga ta sauka. In na iske ƙasa mai tauri, shi jira ni."

Ya ba ni labarin gayyar Kaikai da kuka yi shekarar da aka haifi Murtala, wadda shi Baba Buba ya fita da zazzaɓi a jikinsa. Ya ce ka rage kiɗan a hankali yadda ba wanda ya gane ya gaji, har ya kai ƙarshen kunya da mutuncinsa. Yana faɗa yana share ido da bakin riga. Ni duk zamana da kai ban taɓa jin wannan ba. Na san kai makaɗi ne, amma sai a gindin gawon nan na san irin makaɗin da kake.

Na roƙi gafara, ya ce ya yafe. Na tambaye shi maganar Kusada. Ya ce zai zo ya gani da idonsa. In na fara bugu sai ya ɗaga sandarsa, to in tsaya nan take, kuma tsakanina da takensa har abada. Na amsa. Na gaya wa Murja, ta ce mu je a haka. Kamilu ya ce mun haukace, za mu tara baƙi daga Katsina mu rataya rufe taro a kan sandar tsoho.

Ka sa mu a addu'a. Ina gaida Haulatu, a ce mata ɗinkin yara na nan tafe.

Ɗanka,
Ɗalha.

Kusada,
29 ga Yuli.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum. Ina fata kana lafiya, kuma ina fata kana zaune, don labarin da tsawo.

An yi taro. An yi ruwa da safe, la'asar ta yi sanyi, filin makaranta ya cika har bakin katanga. 'Yan Musawa sun zo da gurmi, wata yarinya daga Katsina ta faɗi waƙa a kan mahaifiyarta har mata na goge hawaye, Kamilu ma ya yi abin kirki, kada in ci haƙƙinsa. Ni dai ban ji rabin abin da aka yi ba, idona na kan hanya.

Ana saura mutum biyu a zo kanmu sai ga Murtala a babur, tsohon a baya. Ba sanda a hannunsa. Wani abu ne naɗe a buhu. Aka ba shi kujera a gaba, ya kwance buhun, sai ga hauya, ƙotarta ta yi baƙi don tsufa. Nan na gane ba kallo ya zo yi ba.

Murja ta fito ta gaya wa jama'a cewa kiɗan da za su ji yana da mai shi, ga shi nan zaune, ta faɗi sunansa da garinsa. Murtala ya kama shi ya miƙe. Ya ture hannun ɗan nasa, ya tako shi kaɗai zuwa inda ƙasa ta jiƙa, ya duƙa.

Na rataya ganga, na ɗaga gula, ban buga ba. Baba, ban taɓa sanin jira na da nauyi haka ba. Mutum ɗari uku na kallona, wasu samari har sun fara cewa mai ganga ya manta. Ni kuwa bayansa nake kallo. Ya ɗaga hauya, ta yi sama tana rawa, ta sauka, na sauka tare da ita. Ya ja numfashi, na jira. Ya sake ɗagawa. A sara na uku kafaɗarsa ta saki, na ga ya kama, sai na shigo da taken gaba ɗaya, a hankali, daidai ƙarfinsa. Tsofaffin da ke wurin suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su tashi. Wata gyatuma ta rangaɗa guɗa.

Sara tara ya yi, na ƙirga. Sannan ya miƙe ya dogara da hauyar, ya yi kirari da muryar da ban san tana cikin ƙirjin nan ba, ya ce shi ne Buba na Ruƙayyatu, mai shiga gona raɓa ba ta bushe ba. Murja ta ɗora waƙarta a kai. A wannan tafiyar ta tsoho kalmominta suka zauna fiye da yadda suka zauna a Kankiya, ita da kanta ta faɗa. Da muka gama Kamilu ne ya fara zuwa ya durƙusa gaban tsohon.

Ni ma na je na durƙusa. Ya dafa kaina ya ce, "Ka hwaɗa ma Dawuda hannu nai bai tahi Funtuwa ba, yana nan Kusada." Sai kuka ya zo mani a gaban mutane, kuma ban ji kunyarsa ba.

Ya ba ni izini, amma da sharaɗin da ka sani: ba a buga shi sai yana wurin. Saboda haka yanzu Inuwar La'asar ta yi sabon ɗan ƙungiya mai shekara saba'in da takwas, har an fara gardamar wanda zai ɗauko shi in an gayyace mu Ingawa.

Saura magana ɗaya. Haulatu za ta nuna maka hoton a waya, amma na san ba za ka ji komai ba, kuma ni so nake kai ka yanke mani hukunci. Na yi niyyar in kawo ganga Funtuwa ka ɗora tafinka a jikinta in buga, ka ji da hannu ko na yi gudu. Sai na tuna ba ni da ikon buga shi ba mai shi. Na gaya wa Baba Buba damuwata. Ya ce shekara goma sha ɗaya rabonsa da kai, kuma mota ba ta fi ƙarfinsa ba.

Muna nan tafe ranar Juma'a in Allah ya kai mu. A ce wa Haulatu ta yi shimfiɗa biyu, kuma wurin nan na gindin zogale da ba a sa wa siminti ba, ta yayyafa mashi ruwa tun da safe. Da hauyarsa zai zo.

Ɗanka, makaɗi ɗan makaɗi,
Ɗalha Dawuda.