Sai Ido Ya Ga Ido A Tada Inji

Ni Hermógenes Cuéllar, mutumin Santa Ana, tsohon mai lodin naman shanu a jirgin sama da cire katakon tokare taya, da hankalina garau nake faɗin wannan. Huhuna ne ya ruɓe, ba kaina ba. Ban iya rubutu ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Maƙwabciyata Doña Eulalia ke rubutawa, na ce mata ko zagi na yi ta sa shi yadda ya fito. Da ku nake, 'ya'yana: Wilfredo matuƙi, Casiano ma'aikacin ƙasa a filin jirgi, da ƙanwarku Asunta.

Na ɗaya. Gida da gonar rogo na Asunta ne. Ita ke kwashe jinin da nake tofarwa, ku kuna can kuna auna wuyan juna. Wanda ya kai ta ƙara, ban yafe ba.

Na biyu. Addata da wuƙaƙen fawa a jefa su kogin Yacuma. Ba zan bar kaifi ga wa da ƙanen da ba sa ga maciji ba. Na san mafarin abin. Ranar da uwarku take fama da ciwo, hadari ya toshe gabas, kai Wilfredo ka ƙi tashi da ita zuwa asibiti, ta cika a inuwar fiffike. Casiano ya zubar maka da haƙoran gaba da sufana, kai kuma ka zabtare masa rabin kunne da adda. Ni ma har yau in na tuna hadarin nan sai in ga kamar da an ratsa shi. Amma ban taɓa tuƙi ba, kuma matata ce kafin ta zama uwarku. Tunda ni ban kashe kowa a kanta ba, ba ɗan da ya isa.

Na uku. Ku ji labarin Fortunato, aminina, uban baftismar Casiano. Kun san kabarinsa, ba ku san abin da ke ciki ba. Shi da wani matuƙi, Kyaftin Arancibia, sun yi cacar baki a wajen faɗan zakaru, suka daina duban juna. Washegari da hantsi mun cika jirgi da nama mai ɗumi, Fortunato ya sunkuya yana jan katakon tayar hagu. Kyaftin bai leƙo taga ba, bai jira alamar hannun kowa ba, ya tada inji. Fortunato ya ɗago. Farfela ta shiga ta kafaɗa ta fita ta kwiɓi. Ƙarar kamar an sari kututturen ayaba. Jininsa ya wanke mini fuska har cikin baki, hannunsa na tsinto shi a ciyawa can gefen fili, yatsun na riƙe da igiyar katako. A kwanon da muke zuba kayan cikin sa na tattara shi. Masu jirgin suka ce nama zai lalace, aka watsa wa farfela ruwa, aka tashi a ranar. Kafin su tashi na ɗauki katakon nan na farfasa wa Kyaftin muƙamuƙi, sai wani ne ya ja jirgin. Na yi zaman kurkuku, ban yi nadama ba. Fada, limamin coci, ya zo jiya ya ce in yafe masa, na ce ya je ya tambayi Fortunato tukuna.

Na huɗu. Wancan watan Asunta ta turo ni a keke har bakin shingen fili, na ga abin da kuke yi. Kai Casiano kana ba da alama ka juya baya, kamar mai korar ƙuda. Kai kuma Wilfredo, Kyaftin Wawulo, agogonka kake kallo maimakon ƙanenka. Inji ya tashi yana ƙarƙashin fiffike, iska ta fizge hularsa, farfela ta mayar da ita ƙaiƙayi. Hula ce ranar. Ni na san abin da ke biyo bayan hula.

To ga dokar, ba a makaranta aka samo ta ba. Na ƙasa ya fito fili gaban hancin jirgi, ya ɗaga katakan biyu sama, a gan su. Matuƙi ya dube shi cikin ido. Na ƙasa ya waiga dama da hagu, ba mutum, ba kare, ba saniya, sannan ya juya yatsa, alamar a tada inji. In matuƙi bai ga ido ba, hannunsa ya mutu a kan cinyarsa, ko shugaban ƙasa ke zaune a baya. Ku zagi juna a kasuwa in kuna so. A gaban farfela ba gaba.

Na biyar. Matar Fortunato tana nan da rai. Duk ranar yanka cinya guda tata ce, kamar yadda na saba kai mata. Iyalin Arancibia kuwa kada su tako wajen makokina.

Na shida. A binne ni a ƙauyenmu, kusa da uwarku. Damina ce, ruwa ya cinye hanya, sai ta sama. Na hana a ɗauko wani matuƙi, na hana wani ya taɓa katakon taya. Wilfredo zai tuƙa, Casiano zai sa akwatina a ciki, ya fito gaba ya ba da alama da hannu. In ba za ku iya duban juna ba, ku ajiye ni nan kan ciyawar fili, rana ta kumbura ni, ungulaye su sauko, garin Santa Ana ya zo ya ga yadda 'ya'yan Hermógenes suka yi da ubansu. Asunta, kada ki lulluɓe ni ko da buhu.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya sa duk wanda ya tashi ya sauka, duk wanda ya sunkuya ƙarƙashin fiffike ya miƙe da gaɓoɓinsa cikakku. Ku riƙe Asunta, ku ci a kwano ɗaya ko da ba wanda zai yi magana. Na taɓa tattara mutum a kwano, kada ku sa ƙanwarku ta koyi wannan aikin.