Takardar Birki a Bangon Wani

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Na san halinki, likita ya ce ki huta amma kina can kina hawa da sauka kamar wadda aka ɗauka aikin gadi. Mu nan lafiya lau, 'ya'yanki Babba da Auta suna gaishe ki.

Yaya, labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne. Baba Lauya ya rasu ranar Talata. An ce yana ɗaura igiyar takalminsa zai tafi kotu ya kife, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye miki ba, rabin kukan na kaina ne.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, domin shi marigayin ya ce in kama bakina. Kin san kotu ta yanke wa Baban yara shekara goma sha biyu saboda mutum biyun da motarsa ta take, kin kuma san kamfanin da yake yi wa tuƙi ya rantse cewa birkin motar lafiyarsa ƙalau, ganganci ne na direba. To, bayan hukuncin da mako ɗaya, wani makanikin garejin kamfanin ya tare ni a ƙofar makarantarmu, ya miƙo min takarda a ninke. Takardar ƙorafi ce da Baban yara ya cike kwana uku kafin hatsarin, cewa birki yana saki. A ƙasanta akwai sa hannun shugaban gareji da rubutunsa, cewa a yi wannan tafiyar tukuna, a gyara in an dawo. Makanikin ya ce a kwandon shara ya tsince ta, kuma kada in neme shi, ya bar aikin zai bar garin.

Ko gida ban biya ba, na wuce ofishin Baba Lauya. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce da wannan zai ɗaukaka ƙara ya fito min da mijina. Ya sa ta a fayil ya ɗaure da zare a gabana. Na so in ce ya ba ni in yi kwafi, amma injinsu ya lalace, kuma na ji nauyin in nuna wa dattijo kamar ban yarda da shi ba. Haka na fito hannu rabbana.

Saura mako biyar wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika. Na je ta'aziyya, na ga matarsa ko magana ba ta iya yi, to da wane baki zan ce ina fayil ɗina? Zan bari su ɗan sarara. Ofis dai yana kulle, takarda kuwa ba ƙafa gare ta ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Autar Inna

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da kumburin ya sauka. Faɗan da kika yi min ma na karɓa. Kin ce kunyata za ta kashe ni wata rana, tun ina yarinya a bar ni da ƙashi in ce na ƙoshi. Gaskiyarki ce, sai dai faɗan ya iso a makare.

Mako biyu cur na yi ina jira. Ranar Litinin na nemi izini wajen shugabar makaranta, na bar 'yan aji uku da aikin rubutu, na tafi. Kin tuna ofishin, hawa na biyu a saman shagon mai gyaran agogo, matakalar nan mai duhu da kika ce sai da bisimilla ake hawanta. Na tarar da ƙofa a buɗe. Yaya, ɗakin da ba ka samun wurin aje ƙafa saboda fayiloli, na same shi wayam, har muryata tana amsawa. Kabad uku a buɗe babu komai, sai shatin ƙura a inda kwalaye suka zauna shekara da shekaru.

Ɗan marigayin na nan, wanda ke aikin injiniya a wata ƙasa. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya ba ni haƙuri tun kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce mai ginin ya ba su kwana goma su kwashe, shi kuma hutunsa ya kusa ƙarewa. Ya tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi, suka ce ya ware fayilolin da shari'arsu ke gudana ya kai musu, su za su nemi masu su. Waɗanda kuma aka rufe shekara goma ko fiye, ya sa a niƙe su don kada sirrin mutane ya watsu a titi. Haka ya yi, yana duba suna da shekarar da ke bangon kowane fayil. Ya nuna min jerin sunayen da ya kai ƙungiya, mutum sittin da ɗaya. Na bi da yatsa sau uku, babu sunan Baban yara.

Ya ce wataƙila kuskuren rubutu ne, in je ƙungiyar in duba da idona. Na je. Wata lauya matashiya, siririya mai saurin magana, ita aka ɗora wa aikin. Ta zauna da ni a ƙasa muka kwance fayil sittin da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi aiki. Na ga rigimar gado, na ga rigimar fili, na ga sakin aure, na ga asirin mutanen da ban sani ba, ban ga namu ba.

Ta ce kada in karaya. Za ta karɓi shari'ar, za ta nemi kotu ta ƙara mana lokaci tunda mutuwa ce ta gitta, kuma duk abin da aka taɓa shigarwa kotu akwai kwafinsa wajen magatakarda. Na ce mata takardar da nake nema ba ta taɓa shiga kotu ba. Ta tambaye ni ko ina da kwafi, ko hoto a waya, ko rasit da ke nuna na ba shi. Sau uku ina girgiza kai. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba, ni da nake koya wa yara su rubuta sunansu a kan kowane littafi.

Saura mutum ɗaya, sakatariyarsa, wadda ta yi shekara ashirin tana buga masa takardu. Tun kafin rasuwar ta tafi jinyar mahaifiyarta, an ce za ta dawo ƙarshen mako. In akwai wanda ya san inda Baba Lauya ke aje abu, ita ce. Wataƙila ya kai shi gida, wataƙila yana cikin mota. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Ranar Asabar na je wajen Baban yara. Na gaya masa rasuwar, ya yi addu'a, sannan ya tambayi takardar. Na ce tana nan. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙonsa.

Ƙanwarki,
Autar Inna

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. 

Na ga sakatariyar. A gidanta na same ta, ko jakar tafiya ba ta kwance ba. Da na faɗi abin da ɗan marigayin ya yi, sai ta dafe kai ta zauna a bakin gado. Ta ce Baba Lauya bai taɓa sayen sabon bangon fayil ba tun da ta san shi. In shari'a ta ƙare, sai ya zare takardun ya ɗaure su daban, ya ɗauki bangon ya zuba sabuwar shari'a a ciki. Ba ya goge tsohon suna, ba ya rubuta sabo, wai shi ya san kowane fayil da fuskarsa kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ta sha yi masa magana, sai ya yi dariya ya ce ranar da ya manta fayil ɗin wani, ranar zai aje aiki. Waɗanda suka tsira, sittin da ɗayan nan, su ne waɗanda ita ta gaji ta liƙa wa sabon suna da hannunta. Namu ya zo ana gobe za ta tafi.

Har bangon ta tuna. Kore ne, kusurwarsa ta cinye, da sunan wani mai gidan burodi da aka gama shari'arsa shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Ba mu tsaya ba, muka ɗauki mota zuwa kamfanin da ke niƙa takardu, can bayan gari. Wani babban ɗaki ne mai rufin kwano, ƙarar inji ba ka jin maganar na kusa da kai. Mai kula da wurin ya duba littafinsa, ya ce kayan ofishin lauya sun shigo ranar Alhamis, kwana huɗu kafin in je ofishin, an niƙe su a ranar. Ya nuna mana dauri-dauri na tarkacen takarda, kowane ya fi ni tsawo, an matse su da waya ana jiran mota. Na sa hannu na zaro 'yan siraran, ko harafi biyu babu a jere. Ban san wane dauri ne namu ba. Sakatariyar ce ta janye ni.

Alhamis ɗin nan, Yaya. Ina aji ina koyar da jimla, ina ƙirga kwanakin da ya dace in bari kafin in dami masu makoki. Da na je tun kwana uku da rasuwar, da na ga koren bangon nan na gane shi, domin a gabana aka ɗaure shi. Da-na-sani ƙeya ce.

Wa zan kama? Tsohon da ya yi tattalin kwali? Ɗan da ya bi abin da aka gaya masa? Na nemi wanda zan tsana in samu sauƙi, na rasa, kullum kaina nake dawowa.

Lauyar ta samo mana ƙarin lokaci, wata biyu. Ta rubuta wa kamfanin motocin su kawo littafin gareji, suka amsa cewa ba su da wata takarda mai kama da haka. Sakatariyar ta yarda za ta rantse ta ga takardar, amma ta ce ba ta karanta ba, ganin ninkinta kawai ta yi. Makanikin kuwa na je unguwarsu, maƙwabta sun ce ya kwashe iyalinsa, lambarsa ba ta shiga. Lauyar ba ta yaudare ni ba. Ta ce za ta shigar da ƙarar, amma ba tare da takardar ba, maganata ce kawai, maganar matar mai laifi.

Asabar biyu ke nan ina ce masa tana nan. Ya yi ƙiba kaɗan, Yaya. Har wasa yake yi da masu gadi.

Taki,
Autar Inna

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da ke da duk mutanen gidan. Na ga kiranki har sau shida, ban iya ɗauka ba, ki gafarce ni. Rubutu ya fi min sauƙi.

Kotu ta kori ƙarar ranar Laraba. Ko minti ashirin ba a yi ba. Alƙalan sun ce babu sabuwar hujja, hukuncin farko yana nan. Lauyar ta riƙe hannuna a baranda ta ce akwai kotun gaba, amma daga yadda ta faɗa na san ta faɗa ne don kada ta bar ni haka.

Tun kafin zaman na gaya masa gaskiya, kamar yadda kika matsa min. Na faɗa masa komai, da kwafin da ban yi ba, da mako biyun da na zauna, da koren bango, da ƙaryar da na yi masa. Na shirya wa faɗa, wallahi na so ya yi faɗan, ya ɗaga murya har masu gadi su zo. Bai yi ba. Cewa ya yi shi ma ya san birkin yana saki ya hau motar, don yana jin nauyin ya yi wa shugabansa musu. Ya ce ashe ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ya yi 'yar dariya, ni kuwa na kasa.

Jiya na koma bayan hukuncin. Ya rame a kwana uku kamar wanda ya yi jinyar wata. Abu ɗaya ya roƙe ni. Tun da aka kama shi ya hana in kawo Auta, ya ce a bar ta a kan cewa Baba ya yi doguwar tafiya da mota, ba ya so ta gan shi cikin kayan gidan yari tunda a ganinsa ya kusa fitowa. Babba ya san gaskiya, ita kuwa har yau in ta ji ƙarar babbar mota sai ta ruga taga. Jiya ya ce in daina ce mata tafiya ya yi. Ya ce in kawo ta ranar Asabar ta gan shi, domin in ya fito ta kai shekara goma sha biyar, kuma ba ya so ranar ta zama ranar da za a gabatar mata da shi.

Yaya, na iya tsayawa gaban yara arba'in in yi bayanin komai, amma ban san yadda zan fara wannan ba. Shekararta huɗu. Na gwada yau da safe ina taje mata kai, na buɗe baki, sai ta tambaye ni ko Baba zai kawo mata tsaraba.

Ki zo, don Allah, ko da gwiwar tana ciwo. Motar safe tana isowa kafin tara, ana buɗe ƙofar ziyara ƙarfe goma. Ke ki riƙe mata hannu a layi, ni ba na jin zan iya.

Ki gaida maigidan da yara. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Autar Inna